Wata Tara Ana Jan Rigata

Ranar da na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, mutum dubu ne suka tsaya kallona. Matata ta ce duk shekara sai na ƙara adadin, to a bar shi a ɗari biyar. Amma na rantse akwai wani mai keke da ya yi ta waiwaye har ya shige cikin kwandon kabeji. Shekara guda ke nan da Turawa suka mayar wa Sin da Hong Kong, baƙaƙen fatar garin kuwa gaba ɗayanmu ba za mu cika bas ɗaya ba. Ga shi ni ba ƙaramin mutum ba ne. Sunana Bala, tela ne ni a Fagge, shekarata arba'in da biyar a lokacin, kuma tun ina saurayi ba a taɓa samun rigar kanti da ta shige ni ba.

Wani dillali ne ya kawo ni. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yau 'ya'yansa suna gaishe ni. Ya ce akwai masana'antar da ke neman gwanin surfani ya koya wa Sinawa aikin wuyan kaftani, wata uku kacal. Tun a Kano ya auna ƙirjina da wuyana da damtsena, wai kayan aiki za a ɗinka min. Ni da na shekara talatin da tef a wuya, na tsaya ana auna ni ban tambayi kaina me ya haɗa surfani da kaurin wuya ba.

Ya raka ni har Xintang, garin da ba a komai sai wandon jins, har ruwan kwatarsu shuɗi ne. Ya damƙa ni hannun mai masana'antar, wani siririn mutum mai sigari a baki da kowa ke kira Lawban, wato maigida. Sannan ya ce bari ya sayo mana ruwa. Har yau bai dawo da ruwan ba. Lawban ya karɓi fasfona, ya ce da ɗan Turancinsa bizata ta wata ɗaya ce, yana da aboki a ofis da zai sabunta ta. Ya jefa shi aljihun tebur ya murɗa mukulli.

Da safe na zo da allurorina da zaren siliki kala bakwai. Ba wanda ya dube su. Aka miƙo min wata riga mai ratsin kore da baƙi, mai farar kwala, kaurinta kamar tamfol. Na saka, ta zauna min cif. Wannan ce rigar farko a duniya da ta shige ni ba da kaina na ɗinka ba, har na ɗan ji daɗi. Sai wata dattijuwa gajeruwa, shugabar masu ɗinki, wadda ake kira Ayi, wato gwaggo, ta tafa hannu. Ƙarti huɗu suka fito daga wajen guga. Biyu suka kama kwala, biyu suka kama gefe, suka yi ta ja kamar za su fitar da mota daga laka.

Na ce, "Lafiya? Me na ci muku?"

Ba mai jin Hausa. Suka ja har hammatar rigar ta yi ƙara ta buɗe. Ayi ta matso da alli ta zana wurin, ta gyaɗa kai, aka kawo wata rigar. Aikin ke nan. An ɗauko ni daga Kano a jirgin sama don a riƙa jan rigata.

Sai bayan mako guda na san dalili, da wani Bature ya zo daga Hong Kong da kaset ɗin bidiyo a jaka. Ƙato ne kamar ni, kunnuwansa kamar ƙosan da ya ƙone, hancinsa ya kalli gabas. Shi ne wakilin wata ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta wani gari a Ingila da har yau harshena bai iya sunansa ba. Ni dai Masu Kore nake ce musu. Ya ce da can don sha'awa ake wasan, shekara uku ke nan da aka fara biyan 'yan wasa albashi, sai ƙungiyoyi suka shiga neman inda za a ɗinka musu riguna da araha, na 'yan wasa da na magoya baya. Matsalar ita ce duk faɗin Xintang ba mai ƙirjin da za a gwada rigar a kai. Sun gwada buhun shinkafa, ya ce, amma buhu ba ya numfashi.

Aka saka kaset ɗin a ɗakin cin abinci. Jama'a, na ga abu. Ƙarti talatin a cikin taɓo, suna bin ƙwallo mai kama da ƙwan jimina da aka zauna a kai. Wanda ke son zuwa gaba sai ya jefa ƙwallon baya. In alƙali ya busa, su takwas-takwas su sunkuya su haɗa kai suna gurnani kamar raguna. Duk wanda ya ruga da ƙwallon kuwa, a bi shi a damƙe rigarsa a maka shi da ƙasa. Nan na gane matsayina a duniya.

Na tambayi Baturen da Turancin firamare, yaushe zan tafi gida. Ya ce, "Da zarar yaran sun gama wasa."

Nan na yi kuskuren da ya ci ni. Ni ban taɓa bin ƙwallo ba, mutumin gidan dambe ne. A wajenmu in an kashe ka, wato an kai ka ƙasa, ka gama, ka koma bayan makaɗa ka sha ruwa. Na dubi Masu Kore a talabijin, na ga ana kai su ƙasa sau hamsin a minti goma, na ce a raina waɗannan ba za su kai sati biyu ba. Na miƙa hannu muka tafa. Lawban ya kawo wata takarda da rubutun Sinanci kamar sawun kaji, na dangwala yatsa ina murmushi.

A kaset na uku aka lallasa su. Ma'aikata suka tashi jiki a sanyaye, ni kuwa na tafi ɗaki ina waƙa, na haɗa jakata, na je ofis na miƙa hannu. Lawban ya dubi jakar, ya dube ni.

"Meyo," in ji shi.

Kalmar Sinanci ta farko da na koya ke nan. Babu.

Ranar Juma'a na roƙi izini na hau bas, tafiyar awa biyu zuwa cikin gari, wani tsohon masallaci mai doguwar hasumiya. Bayan an idar ina neman takalmina, sai na ji an ce a bayana, "Kai ɗan Kano, wa ya ciyar da kai haka a ƙasar da ake cin abinci da tsinke?"

Na juya na ga wani dogon dattijo da rawani. Alhaji Isuhu ke nan, mutumin Maraɗi, mai sayen atamfa da takalma a kasuwar Shisanhang yana turawa gida. Wata guda ban ji Hausa ba. Na riƙe hannunsa na ƙi saki har sai da ya ce zai buƙace shi wajen cin abinci.

Ya kai ni wani shagon taliya na Musulmin Sin a unguwar Xiaobei, na zayyana masa komai. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, sannan ya daina.

"Malam Bala, wagga ba dambe ba ce. Lig ce, mu muna ce mata shampiyona. Kowace ƙungiya sai ta gamu da kowace sau biyu, gida da waje. Ko kullum ana cinye ka, sati mai zuwa sai ka hito. Tun kaka har bazara."

"Har bazara? Ba su da gona ne?"

"Ita ce gonar. Amma akwai kofi, shi ne irin naka. Shi in an kashe ka, ka tahi gida."

Na ce to in gudu mana. Ya ce in gudu ina? Ofishin jakadancinmu yana Beijing, tafiyar kwana da yini, ba masaukin da zai karɓe ni ba fasfo, ɗan sandan farko da ya tsayar da ni kuma zai ga bizata ta mutu. "Kuma kai," ya ce, "ba ka ɓoyuwa. Ko a bayan kwantena."

Na koma na titsiye Lawban ranar da Baturen ya dawo. Suka yi min bayani dalla-dalla. Rigunan lig za a gama su kafin sanyi ya wuce. Amma kowane zagaye na kofi sai an ɗinka wa 'yan wasa sabbi, in kuma suka kai wasan ƙarshe akwai riga ta musamman. Ranar da aka fitar da su daga kofi, aikina ya ƙare, a ba ni fasfona. Tun daga ranar na zama babban maƙiyin ƙungiyar da ban taɓa taka garinta ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa nake gaggawa, don ba kewar tuwo ba ce kawai.

Mahaifiyata, Inna, ta sayi yadin alawayyo shekara shida kafin tafiyata, ta ninke ta saka ƙasan adakarta. Likkafaninta ne. Ta ce ba wanda zai sa masa allura sai ni. Ni ne ɗan farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, Mai Keke take ce min. Duk bayan wata biyu sai ta ce, "Mai Keke, yaushe za ka zauna ka yi min aikin nan?" Ni kuma in ce, "Inna, ai ke za ki binne mu duka, har da likitan." Ko in ce layi ya yi tsawo, akwai 'yan biki a gabanta. Ta yi dariya, in yi dariya. Aikin awa ɗaya ne, ɗinkin hannu, ko keke ba ya so. Shekara shida ina mayar da shi wasa, saboda ba na son in taɓa yadin. Ranar da zan taho ta sake tuna min, na ce in na dawo, wata uku ne.

Alhaji Isuhu yana da ƙani a Kantin Kwari, kayansu na kai-komo, sai muka riƙa aika kaset na murya ta hannunsu. Na yi nawa cike da ƙarya. Na ce an ba ni ofis da fanka, Sinawa suna layi don su koyi surfani, har gwamnansu ya aiko a yi masa kaftani. Amsa ta iso cikin azumi. Na ari rediyon mai gadi na zauna bayan ɗakin guga da hantsi.

"Mai Keke, ina gaisuwa. Mun ji an ba ka fanka, to a riƙa rufe ƙirji. Ƙafar nan dai ta ƙi, yanzu Talatu ce ke kai ni bayan gida. Ba komai, tsufa ne. Yadin nan yana nan, na fitar da shi na shanya saboda asu. Talatu ta ce a kai wa wani ya yi, na ce a'a, mai shi ya ce in ya dawo. To ni dai ban ba kowa ba."

Talatu ƙanwata ce. A ƙarshen kaset ɗin ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, wata ukun naka sun zama biyar."

Sanyin Guangzhou ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, yana shiga ƙashi ya shimfiɗa tabarma. Ina azumi ana ja na. Wata rana riga goma, wata rana talatin. Hammatata ta saɓule, wuyana ya yi kanta kamar na san noma. Abincin masana'anta kuwa komai da alade, har ina zargin shayin. Wata biyu na yi ina cin farar shinkafa da gishiri, har Lawban ya tsorata don ƙirjina ya ragu da inci biyu.

Ayi ce ta lura. Ba mu da kalma goma tsakaninmu. Wata rana ta ja hannuna zuwa kicin, ta nuna min sabuwar tukunya da takardar kanti a jiki, ta nuna alade ta kaɗa kai, ta nuna kifi ta nuna ni. Ta ɗaura wa hannun tukunyar jan zare don kada a haɗa. Da ta ga ba na ci da rana, ba ta tambaya ba. Sai ta riƙa leƙa taga, in rana ta faɗi bayan rufin masu rini ta buga cokali a tukunyar sau biyu. Ladanina ke nan duk azumin shekarar. A jikin kekenta akwai hoton wata jaririya da jar hula, jikarta, a wani ƙauye mai nisa. Kullum da safe sai ta goge hoton kafin ta goge keken. Kuma gwana ce. Na ga teloli a rayuwata, ban ga mai hannun matar nan ba. In ta haɗa kafaɗa, sai dai yadin ya yage, ɗinkin ba ya motsi.

Masu Kore kuwa suka ƙi mutuwa. A lig yau su ci gobe a cinye su, ba ruwana. Amma a kofi kamar an yi musu asiri. Zagayen farko suka haɗu da wata ƙaramar ƙungiya ta masu aikin gona, suka tattake su. Zagaye na gaba ana saura minti biyu ana cin su, na riga na miƙe ina gyara wando, sai wani siririn yaro mai lamba goma ya daki ƙwallon tun daga tsakiyar fili ta bi ta tsakanin sanduna. Ɗakin cin abinci ya kaure da ihu, don kowane zagaye aikin wata guda ne gare su. Ni kaɗai na koma na zauna. A sujada nake kiran sunan garinsu, yadda na iya, ina roƙon Allah Ya karya su. Alhaji Isuhu ya ce wataƙila kuskuren sunan ne ya sa addu'ar ke sauka a wani garin.

Bayan Babbar Sallah kaset na biyu ya zo daga gida. Kusan duka muryar Talatu ce. Inna ba ta tashi, ba ta cin komai sai koko. Can ƙarshe aka kai mata rediyon bakinta, na ji numfashi ya fi magana yawa.

"Mai Keke. Na sa zare a allurar. Don kada ka sha wahalar nema."

A makon ne aka fara ɗinkin rigunan wasan kusa da na ƙarshe.

Ba zan yi wa kaina ado ba a nan. Na yi lissafi irin na tela. Na ce in riguna suka yage a fili a gaban jama'a, Baturen zai fusata ya janye aikin, Lawban ba shi da sauran amfani da ni, ko sun ci ko ba su ci ba. Yadda ake yi, a gwada uku a jikina, in sun tsaya sai Ayi da kanta ta haɗa na 'yan wasa, masu lamba a baya. Su ba a ja, kada su saki.

Sinawa suna da al'ada, bayan abincin rana kowa ya kifa kai a kan teburinsa ya yi barcin rabin awa, ko gobara ake. Ranar na jira har minshari ya daidaita. Na je keken Ayi, tana kwance a gefensa, na zare kwarkwaron zaren ƙasa, na saka wani da na naɗe da ruɓaɓɓen zaren da ake kama yadi da shi kafin ɗinki. Launi ɗaya ne. Daga sama ba mai ganewa. Shekara talatin ina wannan motsin. Hoton jaririyar yana kallona.

Kwarkwaro ɗaya ba ya wuce riga biyu ko uku. Ban san waɗanda ya samu ba. Aka naɗe kaya aka tura.

Bayan sati biyu da 'yan kwanaki Baturen ya shigo da kaset, fuskarsa ba ta faɗin komai. Aka tara mu da rana. Wasa ya yi zafi, ana cin Masu Kore da maki huɗu, lokaci ya kusa cika. Na ce a raina, ashe ma ba sai na yi abin da na yi ba, yau za a kashe su da hannu. Sai ƙwallo ta zo hannun mai lamba goma sha huɗu a bakin layi. Ya ruga. Wani ƙato ya biyo shi ya damƙi kafaɗarsa da hannu biyu, irin damƙar da na sha sau dubu, wadda na san ba a kuɓuce mata in rigar Ayi ce a jikinka.

Rigar ta buɗe tun daga wuya har hammata. Ƙaton ya faɗi da hannun riga a hannunsa. Yaron ya wuce da kafaɗa tsirara, ya dire ƙwallon bayan layi. Maki biyar. Alƙali ya busa tashi.

Da rigar ta riƙe, da an kai shi ƙasa, da an fitar da su, da a makon na hau jirgi. Ni da hannuna na kai Masu Kore wasan ƙarshe.

Ma'aikata suka fara murna, sai suka ga Baturen ya mayar da kaset baya ya tsayar a daidai inda ɗinkin ya buɗe. Ya ce an yi sa'a wannan karon, amma duk Ingila ta ga rigarsu ta yage a talabijin, yana son ya san hannun wa ne. Lawban bai ko yi tunani ba, ya nuna Ayi.

Ina tsaye a wurin. Bakina da ba ya rufuwa tun ina yaro, ranar ya rufu. Na san in na yi magana Lawban zai kira 'yan sanda, mai mutacciyar biza kuma da ya lalata kaya ba ya ganin gida a shekarar. Haka na faɗa wa kaina, kuma gaskiya ne, kuma bai wanke ni ba.

Da la'asar ta ɓamɓare hoton daga jikin keken, ta ɗaure kayanta a zani. Ta zo inda nake zaune. Ta sa hannu a aljihu ta fito da kwarkwaron, da sauran ruɓaɓɓen zare a jiki. Ashe tun ranar ta gano, bayan an tura kaya. Ta kama hannuna ta ɗora shi a tafina, ta naɗe yatsuna a kai ɗaya bayan ɗaya. Ba ta nuna wa Lawban ba. Da za ta fita ta tsaya a ƙofar kicin ta yi wa mai dafa abinci magana tana nuna tukunya mai jan zare. Ban taɓa sanin sunanta na gaskiya ba.

Rigar wasan ƙarshe mutum takwas aka sa su ja ni. Baturen da kansa ya tuɓe kwat ya shiga layi. Ko zare ɗaya bai motsa ba.

Juma'ar da ta biyo bayan tura kayan wasan ƙarshe, na tarar da Alhaji Isuhu yana jirana a ƙofar masallaci. Bai tsokane ni ba. Ya ce mu yi salla tukuna. Bayan an watse ya zaunar da ni a gindin wata bishiya a harabar, ya riƙe gwiwata.

"Malam Bala, sai haƙuri. Ƙanena ya bugo waya. Tsohuwa ta riga mu, ran Talata da hantsi."

Na ƙirga. Kwana goma sha tara bayan wasan da rigar ta yage. Da na bar zaren Ayi a inda yake, da na samu sati biyu a gefenta, da awa ɗayan da take nema.

Na ce, "Wa ya ɗinka?"

"Mi?"

"Likkafanin."

Ya ce bai tambaya ba. Daga baya na ji. Malam Iro ne, mai facin buhu a bakin kasuwa, shi aka samu a kusa. Mutumin kirki ne, amma ɗinkinsa kana iya zura yatsa a tsakani.

An lallasa Masu Kore a wasan ƙarshe, kisan da na yi wata takwas ina roƙo, ya zo a makare da wasa ɗaya. A lig suka ƙare a tsakiya, ba yabo ba fallasa. Baturen ya ce kakar wasa ce mai kyau. Ya kawo min riga da sa hannun 'yan wasa duka, ya ce ni ma ɗan ƙungiya ne. Lawban ya buɗe aljihun tebur ya miƙo min fasfo. Na buɗe. Ba tambari ko ɗaya. Tun ranar da ya jefa shi ciki ba a taɓa shi ba, ba wani aboki a ofis. Kwana goma sha ɗaya na yi a tsare a hannun 'yan sanda kafin Alhaji Isuhu da mutanen masallaci su fitar da ni su sa ni a jirgi. Ko a can sai da aka rasa rigar 'yan tsare da za ta shige ni.

Na iso Kano ruwan farko ya sauka. Talatu ba ta yi min faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta buɗe adakar Inna ta miƙo min wani ƙyallen alawayyo da ya rage, faɗin tafin hannu biyu. Allurar tana soke a jiki, da farin zare a hancinta, an ƙulla bakinsa.

"Malam Iro ya zo da tasa," in ji ta. "Na ce a bar wannan."

Har yanzu ina ba da labarin Guangzhou a bakin shago, kuma ana dariya, don na iya ba da shi. Mutum takwas sukan zama ashirin, Baturen yakan ƙara tsawo. A inda rigar ta yage nake tsayawa, in ce sauran sai an sayo min shayi, ba na kuma ƙarasawa. Rigar Masu Kore ita nake goge man keke da ita. Kwarkwaron da allurar suna cikin gwangwani ɗaya a aljihun kekena.

Duk wanda aka yi wa rasuwa a unguwarmu ya san inda zai kawo alawayyo, ko ina tsakiyar kayan biki zan ture in karɓa, ba na kuma karɓar ko sisi. In tsohuwa ta aiko da nata tun tana raye, a ranar nake yi in mayar mata kafin magariba. Abokan sana'a suna min dariya wai ina ninka ɗinkin sau biyu, ina kuma kama kafaɗar in ja da ƙarfi kafin in naɗe. Sun ce, Malam Bala, wannan rigar ai ba mai jan ta.

Na sani. Ina ja duk da haka.